Takalmin da Muka Yanke wa Ƙasa

Ku matso nan, jikokina, ku kashe wannan abin da ke kuka a hannunku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba ta gizo ba ce, ba ta ƙoƙi ba. Tawa ce, da idona na gan ta. Wanda yake da aike ya je ya dawo tun yanzu, don in na ɗauko zare ba na son a tsinke mini shi a tsakiya.

Shekaranjiya, da aka ɗauko ni daga gaisuwar rasuwa a keke mai ƙafa uku, muka bi ta hanyar da ke fita gari, sai na ga ana rushe katangar masaƙa. Na ce wa direban ya tsaya. Ya ce, "Kaka, wace masaƙa kuma? Ai nan tun da na san shi awaki ke kwana. Shaguna za a yi." Me zan ce wa wanda bai taɓa jin jiniyar wurin nan ba? A zamaninmu, in ta busa da safe, har mai noma a bakin Mayo Bani ya san rana ta yi. Da ita mata ke ɗora tukunya, da ita ake sauke ta. Yanzu kowa agogonsa na aljihunsa, kuma ba wanda ke zuwa ko'ina a kan lokaci.

Ni a Lamorde aka haife ni, a gidan da auduga ba ta yankewa. Kakata makaɗiya ce. Tun ban kai in ɗauki tulu ba nake zaune kusa da ita ina cire gurya, ita kuwa tana shiɓa, bakan yana ta tau, tau, tau, farin auduga yana tashi yana sauka a kanta har ka rasa wanne ne furfura. In ta gama sai ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari a cikin ɗan ƙoƙo, ka ji shi yana gurnani kamar ƙudan zuma a cikin gora. Ba ta kallon zaren. Tana kaɗi tana faɗa da kaji, tana kaɗi tana ba da labari. Na taɓa tambayarta yadda take sanin zai tsinke, ta ce, "Zare ba ya tsinkewa sai ya yi kuka tukuna. Mai ido tana gyara ɓarna, mai kunne ita ke hana ta." Ban je makaranta ba, ko ta kwana ɗaya. Wannan maganar ita ce karatuna, kuma ita ta ba ni aiki.

Ina da 'ya'ya biyu aka ce wani kamfani ya kafa masaƙa a bakin gari, ana neman mata masu sanin zare. Kakanku, Allah ya jiƙansa, magini ne, aikinsa na rani ne kawai. Ya yi kwana uku yana juya maganar, 'yan'uwansa suna cewa mace da injin ina suka haɗu, sannan ya ce in je in gwada. Wanda ke ɗaukar mutane wani dattijo ne mai usur a wuya, shi ne shugabanmu a ɗakin saƙa, kowa Baffa yake ce masa. Bai tambaye ni takarda ba. Zare biyu ya miƙo mini ya ce in ƙulla. Na ƙulla, ya shafa da yatsa ya rasa inda ƙullin yake, ya ce, "Dangwala nan." Na dangwala babban yatsa a tawada, shi ke nan na zama ma'aikaciya.

A ranar aka tsayar da ni kusa da wata siririyar mace mai tsagar goshi, daga duwatsun Michika. Kuve ake ce mata, don a wurinsu haka ake kiran 'yar fari. Kirista ce, ni Musulma, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa lissafa wannan. Ita Adda take ce mini, don na girme ta da damina biyu. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, namiji da mace duk "kai" ne a bakinta. Maganar farko da ta yi mini ita ce, "Adda, kai ma tsoro kake ji? Ni cikina ruwa ya zama." Muka yi dariya, Baffa ya busa mana usur.

Shekarar farko rumfar kwano ce kawai da injuna 'yan kaɗan, in ruwa ya sauko sai mun rufe zare da tabarma. Amma kamfanin nan yana da wata ɗabi'a: duk ƙarshen shekara sai a ba kowace ma'aikaciya turmin zane mai sabon zubi, wanda ba a sayar da irinsa a kasuwa. Zanen shekara muke ce masa. Ni da ban san ƙidayar Turawa ba, da shi nake riƙe zamani. Shekarar zane mai ganyen kuɓewa aka fara ba mu abincin rana, shinkafa da wake, ran Juma'a da nama. Shekarar mai tsuntsaye aka gina ɗakin raino, muka daina barin jarirai a gida, in yaro ya yi kuka mai reno ta leƙo ta ɗaga zanen goyonsa, uwar ta gane ta fita. A ɗakin nan uwar wasunku ta yi rarrafe. Daga baya aka buɗe ɗakin shan magani, aka kawo mana wata ma'aikaciyar jinya, gajeriya mai faɗa, muna ce mata Sista. Aka raba mana kekuna. Aka kafa dokar hutun jinya, cewa wanda ya ji ciwo a bakin aiki, kwanakin da ya yi a kwance kwanakin aiki ne, muddin Sista ba ta ce ya warke ba. Yadinmu ya riƙa ƙetare iyaka, fatake suna zuwa da manyan motoci suna kwana a ƙofa suna jira. Yau in na gaya wa matan zamani cewa an taɓa yin wurin aiki a garin nan da ke ciyar da kai, ya rene maka ɗa, ya ba ka magani, sai su dube ni kamar ina tatsuniya. Su zanensu daga ƙetare yake zuwa, wanki biyu ya koɗe.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Shekara ta huɗu aka kawo sababbin injuna, manya, masu sauri. Ranar da aka kunna su gaba ɗaya na ɗauka kwanon rufi zai tashi. Ƙoshiya, wato ɗan katakon da ke kai zare yana dawowa, tana bugu ta dama tana bugu ta hagu, kamar mata ɗari suna daka a turmin ƙarfe. In ka fito da yamma ƙarar tana bin ka har gida, kana kwance tana cikin kanka. Magana ta gagara a ɗakin, sai muka koyi ta hannu da ta leɓe. Taɓa kunne, Baffa na zuwa. Murza yatsu, zare ya ƙare. Har gulma muke yi daga wannan bango zuwa wancan ba wanda ya buɗe murya. A cikin wannan ƙarar kowace mace ta san muryar injinta kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin taro. In ya canza, ka tsayar da shi kafin zare ya tsinke ya ɓata yadi.

Wajen shekara ta bakwai na lura Kuve ta daina juyowa in an kira ta daga baya. Wata rana muna cin abinci a gindin mangwaron da ke bayan ɗakin saƙa, na yi mata magana tana kallon kwanonta, ba ta amsa ba. Na taɓa gwiwarta. Ta ɗago ta dube ni, ta san na gane.

"Adda," ta ce, "kunnen ya tafi. Na hagu tun bara, na dama yana bin sa. Jiniya ma sai na ga mutane sun tashi."

Na ce, "To ya kike yi da injin? Ai yadinki ya fi na kowa kyau."

Ta cire silifa ta buga tafin ƙafarta a ƙasa. "Nan nake jin sa. In na taka siminti ba takalmi, duk abin da yake yi yana hawowa ta ƙafata. Kafin zare ya tsinke akwai wata 'yar rawa da yake yi." Sannan ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi. "Ka rantse mini da Allahnka ba ka faɗa wa kowa."

Dole ku san abin da take tsoro. Doka ce a masaƙar, wanda ba ya jin usur da jiniya ba ya tsayawa a bakin inji, don in wuta ta tashi a cikin auduga ba a bin mutum ɗaya-ɗaya. Mun ga an sallami wani mutumin Duvu a kan haka, aka ba shi turmi biyu aka yi masa godiya. Ga shi kuma Manaja ya yi alkawari a gaban kowa, duk wanda ya cika shekara goma cif a bakin aiki za a ba shi keken ɗinki sabo, nasa na kansa. Mu sauran, keken nan ado ne. A wurin Kuve kuwa rayuwa ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, gonar dutse 'yan'uwansa sun karɓe. Kurma ba ta iya zaman kasuwa, ba ta jin tayi balle ta yi ciniki. Amma mai keke tana iya zama a ɗakinta, a kawo yadi a nuna mata da hannu, ta ɗinka ta ci abinci har tsufa. Na rantse mata. Daga ranar na zama kunnenta. In Baffa ya busa usur sai in jefa mata ɗan dunƙulen auduga, in an kira ta daga baya sai in yi tari in dafa ƙirji, ita kuma idonta kullum rabi a kan yadi rabi a kaina. Shekara biyu muka yi haka.

Sai shekara ta tara, wani ƙarfen naɗin zare ya faɗo wa wani ma'aikaci a ƙafa ya farfasa masa yatsu. Manaja ya ji abin ƙwarai, mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Bayan wata ɗaya mota ta sauke kwalaye. Aka tara mu, ya ce kamfani ya saya wa kowa takalmi, baƙi, mai ƙarfe a baki, ƙasansa roba mai kaurin tafin hannu, kuma daga yau ba mai shiga ɗakin saƙa sai da shi. Mata suka yi guɗa. Wasunmu ba su taɓa sa takalmi mai igiya ba. Wata ta ɗaga nata ta ce, "Wannan ai in na shuri maigida da shi sai lahira!" Aka fashe da dariya. Na juya na dubi Kuve. Tana riƙe da nata a ƙirji, tana latsa robar da babban yatsa, fuskarta kamar an aiko mata da rasuwa.

Kwana uku yadinta yana fitowa da rami. Macen da ba a taɓa mayar mata da aiki ba, sai ga mai duba yadi yana zagaye mata ɓarna da jan alli. Baffa ya tsaya a kanta ya ce, "'Yar dutse, lafiya? Ko aure za ki sake ne hankalin ya tafi?" Ta yi murmushi don ta ga bakinsa yana motsi, ba ta san me ya ce ba.

Ran Lahadi bayan ta taso daga coci ta zo gidanmu da takalmin a cikin buhu. Ni na kawo shawarar, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa na wasa ta a dutse, muka zauna a inuwar rumbu muka yanke robar ƙasan, muka bar dunduniya da gefe-gefe. In ta sa, ta sama takalmi ne sosai, igiya a ɗaure, ƙarfe a baki. Ta ƙasa kuwa fatarta ce a kan siminti. Ta taka, ta yi rawa a tsakar gida, ta ce, "Adda, kai shaiɗan ne!" Muka yi ta dariya har kakanku ya leƙo ya ce me aka samu. Washegari yadinta ya dawo sumul. Mun ɗauka mun fi kamfani wayo. Ba mu tsaya mun tambayi kanmu don me aka ba da takalmin ba.

Saura wata huɗu a cika shekara goma, wata siririyar waya daga cikin masu riƙe zaren tsaye ta karye ta faɗi cikin ƙurar auduga. Kuve ta taka ta. Na ga ta ɗaga ƙafa ta cije leɓe, ta sunkuya kamar mai gyara igiya, ta zare ta jefar, ta ci gaba da aiki. Da aka tashi na ce mu je wurin Sista, ga ɗakin nan taku kaɗan, magani kyauta. Ta ce, "In na je zai ce cire takalmi. In ya ga takalmi zai ce don me. In na faɗi don me, na tafi." Haka maganin da aka ajiye dominmu ya zama shi ne abin gudu.

Muka yi na gida. Ruwan zafi da gishiri, man kaɗanya, toka, har baƙin man inji wani ya ce yana kashe dafi. Kwana uku ƙafar ta kumbura. Kwana biyar sai da muka tsaga takalmin ta gefe kafin ta shiga. Ina ɗaukar ta a bayan kekena safe da yamma, ina jin zafin jikinta a bayana kamar na goya tukunya. Kullum in ce, "Kuve, mu je." Kullum ta ce, "Ka rantse, Adda." Ni kuwa an rene ni a kan cewa amana ko ta kare ce ba a ci. Kakata takan ce mai tona asiri ya fi ɓarawo, don ɓarawo yana iya mayar da abin da ya ɗauka. Na kasa cin abinci. Na kasa gaya wa kakanku, don gaya masa ma tona asiri ne. Ran kwana na tara, da hutun rana, ta kwance tsumman da ta naɗe ƙafar da shi a gindin mangwaro. Yatsu biyu sun yi baƙi, wari ya bugo ni, kuma ga wani jan layi ya taso daga idon sawu yana hawa ƙwauri. Na taɓa ganin irin layin nan a ƙafar wani ƙanen babana. Kwana huɗu ya ƙara a duniya.

Na ajiye kwanona na miƙe na nufi ɗakin Sista. Na same ta tana cin gyaɗa. Na faɗa mata duka, waya, takalmi, kunne, ban rage ba.

Ta ture gyaɗar ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce, "Tara."

"Tara! Ke da girmanki? Uwar 'ya'ya? Da akuyarki ce za ki bar ta kwana tara?" Ta suri jakarta tana faɗa har muka iso.

Kuve ta hango mu tare. Ba ta yi yunƙurin rufe ƙafar ba. Ta dube ni kawai, ta ce da ƙarfi, don kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa, "Ka sayar da ni, Adda." Duk matan da ke gindin bishiyar suka ji.

A motar kamfani aka kai ta babban asibiti. Aka cire yatsu biyun, aka ceci ƙafar. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu da sai daga gwiwa, in ma an yi sa'a. Washegari Baffa ya kira ni ɗakin Sista, na tarar da takalmin a kan tebur, ƙasansa a sama. Na durƙusa na ce ni na yanke, in kora ce a kore ni.

Baffa ya ce, "Tashi, 'yata. Kuna tsammani ni makaho ne? Wata nawa ina ganin sawun yatsu biyar a cikin ƙurar auduga, a tsakiyar sawun takalma. Kunnen ma na sani tun kafin ke ki sani. Na yi shiru don yadinta ya fi na masu kunne." Ya share fuska da hularsa. "Shirun nan nawa shi ma da hannunsa a yatsun nan." Ya juya ga Sista ya ce, "Yanzu me za ki rubuta?"

Sista ta ce, "Abin da aka kawo mini. An kawo mini ƙafa, ta ji ciwo a bakin aiki. Ba wanda ya kawo mini kunne."

"To in ƙafar ta warke fa? Ba zan sake tsayar da ita a bakin inji ba, ko me za a yi. Na yi kuskuren farko, ba zan yi na biyu ba."

"Baffa," in ji Sista, "kai ne ma'aikacin jinya ko ni? In ta warke ni zan faɗa."

Baffa ya naɗe takalmin a cikin babbar rigarsa, ya bi ta wajen tukunyar da ke dafa ruwan rini, ya jefa shi a wuta.

Ƙafar ta warke cikin sati shida. Amma duk ran Litinin sai in je in ɗauko Kuve a keke in kawo ta ɗakin shan magani, Sista ta kwance bandeji, ta dubi fata lafiyayya, ta girgiza kai ta ce, "Da saura," ta naɗa sabo, kowane mako yana ƙara girma. Wata Litinin Kuve ta manta ta sauko daga keke ta taho da sauri a gaban ofishin Manaja. Sista ta fito da gudu ta tare ta, tana nuna mata da hannu tana cewa, "Ɗingishi, 'yar nan, ɗingishi! Za ki sa a kore mu duka!" A duk watannin nan Kuve tana zaune a bayana, hannunta a kafaɗata don kada ta faɗi, amma ba ta ce mini ko sannu ba. In na juyo don ta ga bakina sai ta kawar da kai. Ba abin da ya fi wannan sauƙi ga kurma, in ba ta son jin ka sai ta dubi wani wuri.

Ranar cika shekara goma aka kafa rumfuna, aka yanka sa, muka sa zanen shekara iri ɗaya, shuɗi mai zanen mazari. Kekunan ɗinki suna jere a kan tebur suna ƙyalli. Daga cikin waɗanda muka fara tare ba mu fi rabi da muka kai ba. Manaja ya yi jawabi, ya tuna rumfar kwano, ya tuna shekarar da ruwa ya ci mana zare, ya fara kiran sunaye. Da aka zo kanta na mintsine ta a cinya. Ta miƙe ta tafi tana ɗingishi, ƙafar a naɗe kamar kabewa. Manaja ya dubi ƙafar, ya daɗe yana dubanta. Sai ya ɗora hannun Kuve a kan keken, ya juya ga Sista ya ce, ba da ƙarfi ba amma mu na gaba mun ji, "Sista, ina ganin gobe ciwon nan zai warke." Sista ta ce, "Ni ma haka nake gani, ranka ya daɗe."

Washegari aka sallame ta da girma, da kekenta. Ni na ɗauki kan keken, wani ɗan'uwanta ya ɗauki ƙafafun, har ɗakinta. Ta ba ni ruwa na sha. Shi ne farkon shiri.

Masaƙar ta ƙara 'yan shekaru sannan ta fara ciwo. Wuta ta yi wuya, yadin ƙetare ya cika kasuwa da araha, manoma suka bar auduga suka koma masara. Aka fara da daina nama ran Juma'a, aka rufe ɗakin raino, wata safiya jiniya ba ta busa ba, kuma ba ta sake ba. Manaja ya koma garinsu, na ji ya rasu a can. Baffa ya koma kiwon tumaki, ya tsufa ƙwarai, shi ma kunnen ya bar shi kafin ya bar duniya, in an gaishe shi sai ya amsa da usur don tsokana. Sista ta buɗe ɗan kantin magani, ta yi ta faɗa da masu saye har ƙarfinta ya ƙare, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita. Nawa keken ɗinkin na ba babbar 'yata da za ta yi aure. Kunnena na hagu ya bi na sauran, shi ya sa nake juya muku dama.

Kuve tana Mayo Bani har yau, da ƙafafunta biyu da yatsu takwas. Da keken nan ta rene 'ya'yanta uku, ɗaya malamar makaranta ce yanzu. Ido ya yi rauni, jikarta ke sa mata zare a allura, amma ba ta yarda kowa ya taka mata keke. Muna zumunci, biki da rasuwa ba ta rasa ni ba na rasa ta, sai dai maganar nan ba mu taɓa tayar da ita ba, ni kuwa tana nan a ƙirjina, cewa na rantse da Allah na karya. Bara da na je duba ta na ce kada ɗayanmu ta mutu ban tambaya ba. Na zauna a gabanta inda za ta ga bakina, na ce, "Kuve, da ke ce a matsayina, ni ce da ƙafar, da kin faɗa?"

Ta tsayar da keken. Sannan ta sunkuya ta shafa gurbin yatsun nan biyu, ta ce, "Da tun ranar farko na faɗa, Adda. Kai ka jira kwana tara."